Saƙar Kwarashi Don Kayan Wasan Yara

Yawancin matan da suka iya riƙe kwarashi a wajenmu sun fara ne da kayan jarirai, wato hula da safa da rigar sanyi da ɗan bargon da ake kaiwa gidan suna, kuma hannun da ya saba da waɗannan ya saba da sassauta zare, domin laushi da sauƙin miƙewa ake nema a tufar jariri. 'Yar tsana ba ta son wannan sassauci ko kaɗan. Abin wasan da aka saƙa jaka ce da za a cusa wa auduga har ta yi tauri, sannan a miƙa ta ga yaron da zai ja ta, ya cije ta, ya kwana a kanta, ya kuma tsoma ta a ruwa idan ya ga dama. Shi ya sa nake ganin abin da mai koyo ya fi bukata tun ranar farko shi ne matse hannu da kiyaye ƙirga, sauran dabarun duk a kan waɗannan biyu suke zaune.

Salon da ya fi yaɗuwa a yau daga ƙasar Japan ya fito, inda ake kiransa amigurumi, kuma ya bazu a duniya ta intanet bayan shekara ta 2000. Abin da ya sa nake ƙaunarsa shi ne kusan duk aikinsa da gajeren saƙa iri ɗaya ake yi, ana kewayawa daga tsakiya zuwa waje, don haka ko wadda ba ta taɓa saƙa riga ba za ta iya shiga cikinsa kai tsaye.

Kayan aikin ba su da yawa: kwarashi, da zare, da allurar ulu mai babbar kafa marar tsini, da almakashi, da abin cusawa, da ɗan fil ko guntun zare na wani launi da za a riƙa sa alama da shi. Wurin da ake yawan kuskure shi ne girman kwarashin. Takardar da ke jikin dunƙulen zare takan faɗi girman da ya dace da shi, amma wannan lissafin na masu saƙa tufafi ne, kuma mai yin abin wasa yakan sauko ƙasa da haka da kamar milimita ɗaya. Zaren da aka rubuta masa kwarashi mai milimita 4 ya fi kyau a saƙa shi da mai milimita 3, ko ma 2.5 idan hannun mutum mai saki ne. Gwajin ba shi da wuya: a saƙa ɗan yanki a ɗaga shi a haske a miƙe shi da yatsu, idan ana hango ramuka, to auduga za ta leƙo ta cikinsu nan gaba.

A ɓangaren zare, ulun roba da ya cika kasuwanninmu yana da araha da launuka masu yawa, yana kuma bushewa da wuri, sai dai yana yin burtsi-burtsi idan ya sha hannu, kuma yana narkewa idan dutsen guga ko wuta ta taɓa shi. Zaren auduga ya fi tauri a yatsu, ba ya miƙewa, amma yana fitar da siffa tsaf kuma yana jure wanki, shi na fi so a ba yaron da ke kai komai baki. Ko wanne aka zaɓa, ya kamata mai koyo ya fara da launi mai haske, domin a baƙin zare ba a ganin inda za a zura kwarashi. Ja da baƙi da shuɗi mai duhu kuwa, a jiƙa guntunsu tare da farin ƙyalle kafin a fara aiki, a ga ko suna zuba.

Gajeren saƙan nan, wanda zan riƙa kiran kowane ɗaya daga cikinsa gida, haka ake yin sa: a zura kwarashi cikin gidan da ke gaba, a kamo zare a jawo shi har madauki biyu su hau kan kwarashin, sannan a sake kamo zare a ratsa su duka biyun a lokaci guda. Ta fuskar da za ta kalli waje kowane gida yana fitowa da siffar V, ta ciki kuma ana ganin 'yan gajerun layuka a kwance, kuma yana da kyau a gane wannan bambanci da wuri domin aikin yakan so ya kife da kansa cikinsa ya koma waje. Wasu masaƙa, a kamun farko, sukan sa bakin kwarashin ya cafko zaren ta samansa maimakon su naɗa shi, sai gidan ya fito da siffar X, ya fi matsewa, ya kuma ɗan rage cin zare. Duka biyun daidai ne, muddin ba a gauraya su a abu ɗaya ba.

Ana fara kusan kowane sashe da zoben zarge. A naɗa zare a yatsu biyu ya zama zobe, a saƙa gida 6 a cikinsa ana haɗawa da jelar zaren, sannan a ja jelar sai zoben ya tsuke ya rufe ruf. Wanda wannan ya yi wa wuya zai iya yin sarƙa biyu, wato madaukai biyu da ake jawo ɗaya ta cikin ɗaya, ya saƙa gida shidan a cikin ta farko, amma zai bar ɗan rami a tsakiyar kai, kuma ni a ganina gara a daure a koyi zoben. Jelar nan kada a yanke ta a gindi. A zura ta a allura a sake bi da ita cikin gidajen farko, domin idan ta zame duk kan 'yar tsanar zai buɗe.

Daga nan ƙirga ta fara, kuma nan ne zuciyar aikin. A zagaye na biyu a saƙa gida biyu cikin kowane gida, su zama 12. A na uku a saƙa ɗaya, sannan biyu a na gaba, a maimaita har su zama 18. A na huɗu gida biyu ɗai-ɗai sannan ƙari, su zama 24, daga nan 30, sai 36. Wannan shida-shidan yana da dalili: kewayen da'ira ya ninka tazarar da ke tsakanin tsakiyarta da bakinta sau shida da 'yar ɗoriya, gajeren gida kuma tsayinsa da faɗinsa sun kusa zama ɗaya, don haka duk zagayen da aka ƙara yana bukatar sababbin gidaje kusan shida kafin aikin ya kwanta a shimfiɗe. Idan an ƙara ƙasa da haka sai ya lanƙwashe ya yi tsini, abin da ake so ke nan a kunne ko ƙaho ko hanci, idan kuma an wuce shida sai bakinsa ya yi ta tattarewa. Wanda ya fahimci wannan ba ya bukatar a rubuta masa kowace siffa, domin da ya dubi abu zai san inda zai ƙara da inda zai tsaya. Akwai ƙaramar dabara kuma: idan ƙarin yana faɗawa wuri ɗaya a kowane zagaye, da'irar takan fito da kusurwa shida, sai a riƙa gusa wurin ƙarin daga zagaye zuwa zagaye.

Ba a rufe zagaye a ɗaura sabo. Ana ci gaba ne da kewayawa kamar ɗinkin faifai, wanda hakan ke hana layin haɗi fitowa a jikin abin. Illarsa ita ce ba a gane inda zagaye ya ƙare, shi ya sa ake maƙala fil ko guntun zare a gidan farko, a riƙa ɗaga shi duk lokacin da aka iso wurin. A ƙirga gidajen a ƙarshen kowane zagaye, ko da an tabbata ba a yi kuskure ba. Gida ɗaya da ya ɓace a zagaye na huɗu ba ya nuna kansa sai an zo ragi, lokacin da lissafi ya ƙi fita.

Idan faɗin ya kai yadda ake so, misali 36, sai a yi zagaye shida ko bakwai ba ƙari ba ragi, aikin ya tashi ya zama ƙoƙo, sannan a sauko da ragi: 30, 24, 18, 12, 6. Ragin da aka saba, na haɗa gida biyu gaba ɗayansu, yana barin kumburi da rami a gefensa. Wanda ya fi shi shi ne a zura kwarashi cikin madaukin gaba kaɗai na gidan farko, wato wanda ya fi kusa da mai saƙa a cikin madaukai biyun da ke saman gidan, a zarce cikin madaukin gaba na gida na biyu, a kamo zare a ratsa waɗannan biyun, sannan a ƙarasa kamar kullum. Wannan ragi kusan ba a ganinsa. Abin da ya fito ƙwallo ne, kuma kai da ciki da tafin ƙafa na yawancin kayan wasa ƙwallo ne da aka tsawaita ko aka gajarta.

Mai bin rubutaccen tsari na Turanci ya lura da ƙasar da ya fito, domin gajeren gidan nan, wanda Amurkawa ke rubutawa sc, shi ne mutanen Ingila ke rubutawa dc, alhali dc a wurin Amurkawa dogon gida ne da ya ninka shi tsawo.

Ana fara cusawa tun bakin bai tsuke ba, wajen gida 18, a ci gaba da ƙarawa har rufewa. Audugar roba irin ta cikin filo ita ce ta fi dacewa, saboda tana wankuwa tana kuma komawa yadda take. Audugar gona tana dunƙulewa idan ta jiƙa, ba ta bushewa da wuri, kuma da damina tana iya yin fumfuna a ciki ba a sani ba. Audugar rimi ba ta da nauyi, amma tana kama wuta nan take, siraran zarurrukanta kuma suna fita ta 'yar kafa, don haka ba na son ta a abin wasan ƙaramin yaro. A yayyage abin cusawar ƙanana-ƙanana, a tura shi gefe-gefe kafin tsakiya, a cika fiye da yadda ido ke gani ya isa domin zai lotse da amfani, amma a tsaya da zarar gidaje sun fara buɗewa. Wuya shi ne wurin da ya fi bukatar tauri, in ba haka ba kai zai riƙa langaɓewa.

Maganar fuska ita ce wadda ba na sassautawa a kanta. Ana sayar da idanun roba masu maƙalli ta baya, suna da kyau ƙwarai, amma saƙa tana iya buɗewa su fice, kuma maɓalli da duwatsun ado sun fi su haɗari. A Amurka da Turai ana gwada kayan wasan yara 'yan ƙasa da shekara 3 da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7, duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya ana ɗaukarsa abin da zai iya shaƙe yaro. Ga masu wannan shekaru, a ɗinka ido da hanci da baki da baƙin zare, a ƙulle shi ta ciki, kuma kada a sa dogon gashi ko igiyar da za ta iya naɗe wuya ko yatsa. Wasu iyaye ba sa son a fitar da kamannin fuska saboda dalilin addini, kuma wannan ba ya rage komai daga aikin, domin ƙwallo da mangwaro da tumatir da mota da 'yar tsana marar fuska duk da wannan lissafi ake yin su. Ya kamata dai a tambaya kafin a kai kyauta.

Haɗa gaɓoɓi shi ne aikin da mutane ke gaggawa a kansa saboda sun ga ƙarshe ya kusa. A bar doguwar jela a ƙarshen kowane hannu da ƙafa da kunne, a kafa su da fil a ƙirga zagaye daga tsakiyar kai domin hagu da dama su daidaita, sannan a ɗinka gida bayan gida ba tsallake, a kewaya sau biyu. A ƙulle zaren, a ratsa da shi cikin jikin abin ya fito ta wani gefe mai nisa, a ɗan ja shi a yanke sai ya koma ciki. Bayan haka a cire kowane fil a ƙirga su, a kama kowace gaɓa a ja ta da ƙarfi fiye da yadda yaro zai iya, duk wadda ta yi motsi a sake ɗinka ta. Kafin a ba yaro, a wanke abin da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, a matse shi cikin tawul ba tare da murɗawa ba, a shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa har cikinsa ya bushe sarai.