Hangen dala daga Samaru

Talata, sha ɗaya da wani abu na dare.

Yau tun safe ranar ta zo min a karkace. Mun yi da matar nan ta Landan mai sayar da atamfa da leshi cewa ƙarfe goma namu za mu haɗu a Zoom in nuna mata yadda tallan da na sa mata na sati biyu ya tafi, nawa aka kashe, mutum nawa suka danna, nawa suka biyo ta WhatsApp har suka saya. To tun jiya da la'asar ba wuta a layinmu, batirin inbata kuma ya tsufa na sani, ina ta lallaɓa shi ne kamar mai jinyar tsoho. Mun gaisa kenan na buɗe lissafi zan fara bayani sai na ji kukan nan nasa ƙii ƙii, sai ɗif. Na koma waya, sabis sanda ɗaya, ina jin ta tana cewa Malam ba na jin ka, Malam muryarka na yankewa, ni kuma ina tsakar gida ina ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Ƙarshe ta rubuto ba komai mu bari sai gobe. Duk wanda ke wannan sana'ar ya san ba komai ɗin kwastoma ba ba komai ba ne.

Raina ya ɓaci sosai. Na zura laftof a jaka na hau mashin sai shagon abokina mai gyaran waya a Samaru, nan gaban babban get na ABU, shi yana da sola. Na jona caji, kuma maimakon in kama aikin mutane sai na yago takarda na rubuta a sama: garuruwan da zan koma. Ya leƙo ya karanta ya kwashe da dariya, ya ce yau kuma ci-ranin ne ya motsa? Na ce wannan karon da gaske nake.

Dubai na fara rubutawa, don duk ɗan arewa da ya ce zai fita can ransa ke fara zuwa, ga masallaci ko'ina, ga nama ba tambayar yanka, in ka shiga Deira kuma Hausa za ka ji a gefenka ana cinikin zinari da waya. Tun Oktoban 2020 suka fito da takardar zama ta shekara ɗaya don masu aiki ta intanet, wato aikinka na wata ƙasa kai kana zaune a tasu. Da farko sai mai samun dala 5,000 a wata, daga baya suka sassauta zuwa 3,500. Na danna kalkuleta, ko a 1,500 ka lissafa dala, naira miliyan 5 da dubu 250 kenan kowane wata, kuma ba da baki ba, sai ka kawo takardar banki ta nuna. Ni watan da kasuwa ta yi min kyau sosai da kyar nake leƙa dala 900, rabinta ma a naira take zuwa. Abokina ya ce ko kana da kuɗin ka manta 2022? Ban manta ba. Rana ɗaya aka wayi gari sun daina ba 'yan Najeriya biza, jirgin Emirates ma ya daina zuwa, sai Oktoban 2024 ya dawo Legas. Wato kana iya tara komai naka a can, gwamnatoci biyu su yi saɓani a sama, kai da ba ka ci nanin ba nanin ta ci ka. Na ja layi a kan Dubai amma layin bai yi kauri ba, gaskiya har yanzu raina na biyawa.

Na biyu Kwala Lamfur. Malamai da yawa a nan jami'a can suka yi digiri na biyu da na uku, kuma ban taɓa jin wanda ya dawo yana zagin garin ba, sai dai su ce ruwan sama da zufa. Maleshiya ta buɗe nata tsarin a 2022, DE Rantau suke ce masa, kuma abin da ya burge ni sana'armu ta tallan intanet na cikin waɗanda suka lissafa da suna. Dala 24,000 a shekara suka nema, 2,000 a wata. Wannan kam in na ƙara kwastoma uku masu biya da dala ba abin da zai gagara ba ne. Sai na tuna agogo. Awa bakwai suke gabanmu. Ni kuwa kasuwata bayan Isha'i take ci, daga takwas zuwa goma na dare, lokacin mata sun gama da kicin sun kwantar da yara sun ɗau waya, a lokacin ne saƙo ke shigowa kamar ruwa, nawa ne wannan, akwai kalar ruwan goro, kuna kawowa Funtuwa? Kuma in ba a amsa cikin minti biyar ba ta wuce wani shafin. Takwas na daren Zariya uku na dare ne a can. Kenan in je ƙasar mutane in zama mai gadi.

Turai ban ma ɓata tawada sosai ba. Fotugal na neman ninki huɗu na mafi ƙarancin albashinsu, ga hayar Lisbon da su kansu 'yan garin ke kuka da ita. Estoniya kuma akwai wani yaro da ya taɓa cika min kunne wai ya zama mazaunin can ta intanet, ashe katin da suka fito da shi tun 2014 na buɗe kamfani ne da sa hannu a takardu daga nesa, ko filin jirginsu ba zai shigar da kai ba.

Ana kiran Azahar muka je muka yi salla muka dawo, na sayi awara da yaji wajen yarinyar da ke gefen shagon, ina ci ina kallon takardar, sai wani abu ya faɗo min wanda ya kamata in gane tun da daɗewa. Turawan da ke yawon nan da kwamfuta suna komawa Bali ta Indonesiya ko Ciyan Mai ta Tailan ba wai don can ya fi garinsu wuta ko titi ba ne. Lissafi ne kawai, a biya ka da kuɗi mai ƙarfi ka kashe a inda rayuwa ke da araha. To ni fa? Tun da aka saki naira a Yunin 2023 ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 cikin 'yan watanni, duk dala ɗarin da matar Landan ta turo min nan take da nauyi, a Dubai kuɗin cefanen 'yan kwanaki ce. Hayar gidana ta shekara, ɗaki biyu da falo, ba za ta riƙe ni wata biyu a ɗaki ɗaya a can ba. Ashe Balin tawa ina cikinta, wuta ce kawai babu. Na faɗa wa abokina ya ce to ka ga ni ban yi boko mai zurfi ba amma tun ɗazu abin da nake son faɗa maka kenan, hangen Dala ba shiga birni ba ne, kai kuma taka dalar ma ta takarda ce.

Duk da haka ban yaga takardar ba, don akwai garuruwa biyu da suka ƙi fita raina, kuma duk a Afirka suke.

Kigali, babban birnin Ruwanda. Ba ruwanka da layin ofishin jakadanci, da fasfonka na Najeriya za ka sauka su buga maka kwana 30, kuma akwai jirginsu da ke tashi daga Legas. Awa ɗaya kacal suke gabanmu don haka kasuwar bayan Isha'i ba ta taɓu ba. Garin kan tsaunuka yake, ba wannan zafin da ke sa laftof ɗina huci kamar tukunya. Tun 2008 suka hana leda, kuma Asabar ɗin ƙarshen wata kowa ke fitowa aikin gayya, Umuganda, irin tsaftar muhallin da mu ma muke da ita a takarda. Musulmi ba su da yawa amma akwai unguwarsu, Nyamirambo, da wani layi a Biryogo da aka hana mota shiga ana zama shan shayi, wannan kam na ce sun san da zuwana. Matsalar ita ce kwana 30 na baƙunta ne, zama na dindindin wata takarda ce daban, kuma madam da ko Turanci ba ta son yi da wa za ta yi hira a garin da kowa ke Kinyarwanda?

Sai Akara ta Gana, wadda ita ce ma ta fi kama hankali in an bi ta natsuwa. Ƙasar ECOWAS ce, kwana 90 ba biza. Awa ɗaya suke bayanmu, wato ma in na gama da kwastomomi goma na dare can tara ne. Ga Nima ga Mamobi ga Sabon Zango, Hausa ake yi, sai dai irin tasu da ba ruwanta da mace ko namiji, za ka ji mutum ya ce matana ya zo ko a jikinsa. Da safe koko da ƙosai, har sunan Hausa koko suke kiransa, shinkafa da waken nan da suke ji da ita ma, waakye, daga bakinmu sunan ya fita. Kuma akwai 'yan kasuwar zango da ke buƙatar mai yi musu talla da Hausa, wannan kasuwa ce sabuwa ba gudun hijira kawai ba. Amma su ma suna da ciwon wuta har suna suka raɗa masa, dumsor, masu gida kuma sun saba neman hayar shekara biyu a dunƙule, ga abin da ya faru a 2019 da 2020 da aka riƙa garƙame shagunan 'yan Najeriya saboda dokarsu ta keɓe ƙananan kasuwanci ga 'yan ƙasa. Ni ba shago zan buɗe ba, amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ai ka san abin yi.

La'asar na tafi cikin birni, dama ina da alkawari da masu ɗinkin hannu da nake yi wa talla. Na samu dattijon a zaure ya baza wata farar shadda a cinya yana fitar da aska takwas, zaren a baki, tabarau a karan hanci, allura na shiga tana fita ko kallonta ba ya yi yana ba ni labarin wani biki. Na durƙusa na ɗauki hannun kawai, sakan ashirin, ba kiɗa ba komai sai ƙarar zaren da yake ja da muryar almajirai daga makarantar allo ta bayan gida. Irin wannan bidiyon ne wancan watan ya kawo musu oda daga Jidda da Yamai. Ina ɗauka ina tunanin to in ina Kigali wa zai durƙusa a zauren nan? Ko kalmomin da nake sawa a talla ai ba daga kaina suke fitowa ba, a teburin mai shayi nake tsintarsu da bakin 'yan a-daidaita da hirar madam da ƙawayenta in sun dawo biki. Wata shida a waje Hausata za ta fara warin firji.

Daga nan na biya gida wajen Inna. Na same ta a kan tabarma tana gyaran zogale, na gaishe ta, na ɗan yi kewaye-kewaye sannan na ce Inna ina tunanin fita waje ne fa da aikin nan. Ba ta ɗago ba. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, ta ce kai wannan, aikin naka ba a cikin waya yake ba? Na ce a ciki yake. Ta ce to wayar ce ba ta aiki a Zariya? Na ce wuta ce Inna. Ta ce wutar nawa ake sayar da ita? Na yi dariya ita ba ta yi ba. Can ta ce kakanka ya yi fataucin goro har Kumasi, shekara bakwai, ya dawo da akwati biyu da tari. In tafiyar alheri ce Allah ya tabbatar, amma ka bar min takwarata a nan. Wato 'yata. Ta cusa min ƙullin zogale a jaka wai a kai wa mai ɗakina.

A hanyar dawowa na tsaya Sabon Gari wajen masu kayan sola na tambayi batirin lithium da faranti huɗu. Kuɗin da ya faɗa ya sa na yi salati, amma da na auna da tikitin mutum uku da hayar wata uku a ko'ina cikin takardar nan, bai kai ba. Na tambayi Starlink ma, tun Janairun 2023 ya shigo Najeriya, mu ne farko a Afirka, ni ina nan ina ɗaga waya a tsakar gida. Shi kuma kuɗin watansa ne ke ban tsoro, sai dai in mu haɗa da maƙwabcina mai POS.

Madam na nuna mata takardar bayan mun ci tuwo. Ta bi ta da ido ta ce ita dai in za a je a je inda za ta yi Umara, na ce Makka ba ta cikin lissafin, ta ce to lissafin bai cika ba. Mun tsaya a kan bayan Babbar Salla in je Akara ni kaɗai sati biyu in ga zangon da idona in gwada ko za a samu kwastoma ko biyu, batir kuma a fara tara kuɗinsa daga wannan watan.

Yanzu da nake rubutun nan sun kawo wuta, yaran layi sun yi ihunsu sun gama. Na jona komai, har tocilan. Bari in haɗa wa matar Landan rahotonta in tura tun kafin su ɗauke, gobe goma kuma a shagon abokina zan yi Zoom ɗin, na riga na ce ya ajiye min kujerar da ke kusa da soket.