Yara nawa suka shiga aji ɗaya, nawa suka kai aji uku?

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana na jihar Kebbi, tun daga Gwandu da Argungu har Yauri da Zuru. Ina gaishe ku daga birnin Columbus na jihar Ohio a Amurka, da fatan an yi girbi lafiya. Maganar ƙaramar sakandare ce ta sa na ɗauki alƙalami.

A nan ɗiyata tana makarantar gwamnati, a matakin da ya yi daidai da JSS ɗinmu, wato aji shida zuwa takwas a lissafinsu. Duk shekara hukumar ilimi ta jihar kan wallafa sakamakon kowace makaranta a intanet, kowa ya duba. Ba yawan waɗanda suka ci jarrabawa kaɗai ake rubutawa ba. Ana rarrabe yaran: ga 'ya'yan marasa ƙarfi, ga masu buƙata ta musamman, ga waɗanda har yanzu suke koyon Turanci, irin 'ya'yan Somaliyawa da suka cika wasu unguwannin garin nan. Kowane rukuni da makinsa a karatu da lissafi. Wata doka da aka sa wa hannu a 2002 ce ta tilasta haka, wadda ta gaje ta a 2015 ma ba ta soke shi ba. Saboda haka shugaban makaranta ba shi da damar fakewa da hazaƙar 'ya'yan masu hali ya ce komai lafiya.

Abin da ya fi burge ni shi ne lissafin fashin makaranta. Yaron da ya rasa kashi 10 cikin 100 na kwanakin karatu, kamar kwana 18 ke nan a shekara, sunansa ya shiga jerin waɗanda za a bibiya. Ranar da ɗiyata ta kwana da zazzaɓi, tun kafin azahar saƙo ya shigo wayata ana tambayar inda take. Ba zan ce tsarin nasu ba shi da aibu ba. Masu kuɗi kan duba waɗannan alƙaluma su ƙaurace wa unguwar da makinta ya yi ƙasa, su bar talakawa a can. Amma dai yaro ba ya ɓacewa ba a sani ba.

To mu fa? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne, har ƙarshen JSS 3. Idan an yi jarrabawar BECE, wato ta kammala JSS 3, sai mu ji an ce yara sun yi ƙoƙari, a yi ta barka. Ba mai tambayar su waye suka zauna jarrabawar, balle su waye suka zube a hanya.

Duk wanda ya taɓa koyarwa a ƙauye ya san yadda ajin yake. A JSS 1 benci ya cika da 'yan mata, wasu ma a ƙasa suke zaune. Kafin a kai JSS 3 layinsu ya sirance: wannan an sa mata rana, waccan tana tallar shinkafa dafaffa a tasha, wata kuma mahaifinta ya ce tafiyar ta yi nisa. Sunayensu na nan a rajista, malam na tsallake su kullum da safe har ya saba. Maza ma ba su tsira ba. Lokacin yankan shinkafa a fadamun Argungu da Suru, ko cirar albasa a Aliero, ko kamun kifi a Yauri, aji kan koma rabi. Idan ambaliya ta zo kamar ta 2020, makarantar ce ma ke zama masaukin waɗanda ruwa ya kora.

Sannan yaranmu ba harshe ɗaya suka taso da shi ba. Yaron Zuru da ya tashi da Dakarci, da na Dandi mai Zabarmanci, da ɗan Fulani daga ruga, da Bakambare, duk a aji ɗaya ake yi musu darasin kimiyya da Turanci, malam ya fassara da Hausa idan ya ga ido ya raina fata. Ga wasunsu ita kanta Hausar harshe na biyu ce. In irin wannan yaro ya faɗi, daƙiƙi za a kira shi, alhali ba a taɓa auna ko 'yan'uwansa duka haka suke faɗuwa ba.

Ga kuma tsoro. Bayan sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a Yunin 2021, da 'yan matan makarantar Maga a Nuwamban 2025, wa zai zargi uban da ya riƙe ɗiyarsa a gida? Ni dai ba zan zarge shi ba. Amma ya kamata a san yara nawa ne suka daina zuwa a Danko/Wasagu da Sakaba, da kuma nawa ne 'yan gudun hijira da suka ƙaru a ajujuwan cikin garin Zuru, domin malamai da kujeru su bi su inda suka koma.

Na san ana cike takardun ƙidayar makarantu ana aikawa ma'aikatar ilimi a Birnin Kebbi. Roƙona shi ne iyaye su ma su gani. Wannan ba ya buƙatar kwamfuta ko kuɗin Bankin Duniya. Alli da bango sun isa. Kwamitin kula da makaranta (SBMC) da ƙungiyar iyaye da malamai su nemi firinsifal ya rubuta a ƙofar ofishinsa: yara nawa aka ɗauka a JSS 1, maza nawa mata nawa, daga wane ƙauye, kuma nawa daga cikinsu suka rubuta BECE bayan shekara uku. A karanta wa mai unguwa da liman da fasto, a ba su sunayen waɗanda suka yi sati biyu ba a gan su ba, su je gidajen su ji dalili. Kuma don Allah kada a mai da lissafin nan bulalar dukan malamai, mutanen da wani sa'in ɗaya ke riƙe da ajin da ya fi ƙarfin mutum biyu.

A gaida mutanen gida duka.

Naku,
Ɗan'uwanku a Columbus