Abin da noman ganodarma ya koya mini a Damagaram

Wallahi ranar da na zaɓi ganodarma don aikin kammala karatuna na ɗauka abu ne mai sauƙi, ka zuba garin katako a leda ka zauna ka jira. Ga wanda bai san shi ba, dangin naman kaza ne amma ba irin mai laushin nan na damina ba, shi a jikin mataccen itace yake tsirowa, ga tauri ga ɗaci, bayansa ja yana ƙyalli sai ka ce an shafa mishi mai. Mutanen Sin suna kiransa linji, sun daɗe suna dafa shi su sha kamar shayi don magani.

Na karɓo garin katako wajen kafintoci, na haɗa da dusar hatsi, na cika leda 20. Malaminmu ya ce sai an dafa su a tukunyar tururi zafi ya kai digiri 121, ni kuma gaggawa ta sa na rage lokacin, ban ma wanke hannu da alkol yadda ya kamata ba ranar zuba iri. Bayan kwana goma maimakon farin zare mai kama da auduga da irin ganodarma yake fara yi sai ga kore ya mamaye ledojin, wani funfuna ne da ya fi shi saurin girma. Uku kawai suka tsira. Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Zagaye na biyu tsabta ta yi, sai zafin garinmu ya taso. Shi abin nan bai so ya wuce 30 sosai, kuma yana son laima, mu ko a watan Afrilu sama da 40 muke, iska a bushe ƙamas, kuran, wato wutar lantarki, kuma yau akwai gobe babu. Inna ce ta ga ina ta zirga-zirga ta ce, "Kai ɗan nan, ruwan randa da kuran yake sanyi?" Ta sa na zuba yashi a ƙasan ɗakin na jiƙa shi, na rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara a taga, safe da yamma ina yayyafa ruwa. Abin da ban samu a takarda ba ke nan. Da na rufe ɗakin ruf sai suka riƙa fitowa zarara kamar ƙahon barewa, ashe iska ce ta yi musu kaɗan, da na buɗe taga suka baje kamar faifai.

Yanzu maƙwabta na zuwa suna tambaya ko yana maganin ciwon suga ko hawan jini. Wannan ya fi komai yi mini nauyi, don mutum ne a gabanka yana neman sauƙi. Nakan ce musu ni noma shi na koya, kada kowa ya ajiye maganin likita saboda shi. Wata tsohuwa ta ce to in ba ta kaɗan ta gani da idonta, na ba ta, ta juya shi a hannu ta ce ai ta sha ganin irinsa a kututture can ƙauyensu.