Asabar a Lynnhaven: ruwa na janyewa, iska daga arewa

Makon ƙarshe na Oktoba. Ruwa ya cika da misalin shida da rabi na safe, daga nan ya fara janyewa, kuma shi ya tsara ranar baki ɗaya. A Lynnhaven, mashigar ruwan da ke birnin Virginia Beach na jihar Virginia a Amurka, a bakin tekun Chesapeake, tsakanin cikar ruwa da janyewarsa bai kai mita ɗaya ba. Sai dai yawancin wurin zurfinsa daga gwiwa ne zuwa ƙugu, don haka wannan ɗan bambancin shi ke raba inda kifi yake da inda taɓo kawai ya rage. Zafin ruwa digiri 16 a ma'aunin Salshiyas, sama da ɗan gajimare, iska mai sauƙi da asuba, masu hasashe sun ce za ta ƙaru kafin hantsi.

Kifi biyu ake nema a wannan lokacin. Akwai mai ɗigo, wanda 'yan nan ke kira speckled trout, sannan mai zane, wato striped bass, ko rockfish a bakin mutanen Chesapeake. Ruwa ɗaya suke sha, abincinsu kusan ɗaya, ƙananan kifaye da jatan lande da ƙananan ƙaguwa, amma halinsu ya sha bamban. Wanda ya riƙe su da hannu iri ɗaya zai rasa ɗaya daga ciki, kuma galibi mai ɗigon ne zai tafi.

Kayak ɗin da na fita kamun da shi, wato ɗan kwalekwale na mutum ɗaya, irin wanda ake zama a samansa ne, tsawon ƙafa 12, mai ramukan da ruwa ke tsiyayewa da kansa. Kafin a tura shi a duba marfin magudanar baya ya ɗauru, abin da mutane suka fi mantawa ke nan a cikin duhu. Sandunan fatsa biyu sun wadatar, kowace ƙafa 7, masu ɗan laushi a kai. Injin naɗi mai lamba 2500, saƙaƙƙen zare mai ɗaukar fam 10, a bakinsa a ƙulla zaren fluorocarbon mai fam 20 kamar kamu ɗaya da rabi. Amfanin wannan na gaba biyu ne: kifi ba ya ganinsa sosai, kuma yana jure gugar ɓawon kawa, wanda ke yanke saƙaƙƙen zare nan take. Rigar ceto a jiki, ba a ƙarƙashin kujera ba. Usur a aljihu, farar fitila tun da fitar duhu ce, rediyon ruwa a tasha ta 16, ta kiran agaji. Masu kayak a nan suna da wani lissafi: a haɗa zafin iska da na ruwa a ma'aunin Farenhait, in bai kai 120 ba a sa kayan da ke hana ruwan sanyi taɓa jiki. Na safen yau ya gaza, don haka wandon da ba ya shan ruwa da rigarsa, babu auduga ko ɗaya a ciki.

Bayan sallar asuba na sauka ta mashigar jirage ta Crab Creek, na bi gefen fadama zuwa ciki, nesa da hanyar jiragen inji.

Wuri na farko bakin wani ɗan rafi ne da ke fitowa daga cikin ciyawar fadama. Idan ruwa ya cika, ƙananan kifaye suna kutsawa cikin ciyawa su ɓuya. Da ya fara janyewa dole su fito, kuma ƙofa ɗaya ce. Mai zane ya san haka, sai ya tsaya a bakin ƙofar, kansa na fuskantar ruwan da ke zuwa. Ba a tsayawa a tsakiyar bakin rafin, don a kan kifin ke nan aka hau. A gefe ake tsayawa, nisan jifa ɗaya, a kafa sandar tsayawa a taɓo, a jefa koto sama da bakin, ruwa ya kawo shi yadda yake kawo abincin gaske. Koton da aka jawo yana yaƙi da ruwa ba ya kama da komai da kifi ya saba gani.

Kafin rana ta fito koton saman ruwa ne, Super Spook Jr., mai launin ƙashi. Ana sunkuyar da kan sanda, a riƙa ɗan fizga da wuyan hannu ana sake zare tsakanin fizga da fizga, sai koton ya riƙa karkata hagu da dama yana ƙas-ƙas. Sakin zaren nan shi ne sirrin, in zare ya miƙe tsaf koton zuwa kawai zai yi a miƙe. Abin da ke ɓata wa mutane wannan kamu kuwa ido ne. Ruwa ya fashe a bayan koto, hannu ya ɗaga sanda tun kifi bai rufe baki ba, koto ya taso sama da ƙugiyoyinsa shida ya nufo fuskar mai jifa. A ci gaba da tafiyar da shi kamar ba a ga komai ba, sai an ji nauyi a sanda. Mai zane kan fara bugun koto da jela ko ya kuskure, ya dawo na biyu. Na yau a dawowarsa ya kama, inci 21, ya ja kayak ɗin ya juya da shi a jikin sandar tsayawa. Bakinsa mai ƙarfi ne, ana iya matsa masa, kuma gara a matsa ɗin a gama da wuri. Ana riƙe shi ta leɓen ƙasa da babban yatsa, a kula da ƙayar baya da kaifin marfin kunne, kamar dai giwan ruwa.

Rana na ɗagowa saman ruwa ya mutu. Wannan ba abin jayayya ba ne, a canja kawai.

Daga nan na koma gefen wani tudun kawa, inda zurfi ke sauka daga ƙafa 2 zuwa ƙafa 5. A nan aikin yinin yake, kuma a nan ake gane cewa rabin kamun kifi a kayak riƙe jirgin ne. Kayak ba shi da nauyi. Iska na tura shi, ruwa na jan shi, har koton da kake jawowa ma yana jan shi zuwa inda ka jefa. Ka yi jifa uku ba ka kula ba, sai ka ga kana saman tudun da kake son kamawa a gefensa, kifi ya watse. Maganin shi ne igiyar nan mai ƙawanya da ake ɗaurawa a gefen jirgi daga gaba zuwa baya. Ana saka sandar tsayawa ko igiyar anga a ƙawanyar, a zame ta baya idan ana so gaban jirgi ya kalli inda ruwa ke tafiya, ko gaba idan ana son akasin haka. Abin da ba a yi shi ne barin anga a tsakiyar gefe cikin ruwa mai gudu. Ruwa zai danne gefen, jirgi ya kife, kuma ba ya ba da sanarwa. A kan kawa ma anga ba ta da daɗi, tana maƙalewa. Sanda ta fi, matuƙar zurfi bai wuce ƙafa 5 ba. Su kuma fararen bututun da ake gani a kafe, alamar gonakin kawa ne na haya, akwai keji a ƙasa, ƙugiya ta shiga sai dai a tsinke.

Sai ƙara. A ruwan ƙafa 3, filafili ya bugi jikin roba ko filaya ta faɗi a ƙasan jirgi, an sanar da duk mai ɗigon da ke kusa. Shi ya sa ake shimfiɗa soso a inda ake ajiye kaya, a daina tuƙi tun da nisa, a bar ruwa ya ƙarasa da kai. Wani jirgin inji ya ratsa ta gefen tudun da ƙarfe tara, cizo ya tsaya cak wajen minti ashirin.

Koton nan kifin roba ne mai inci 4, mai faffaɗar jela, a kan ƙugiya mai kan dalma giram 3.5. A ruwa mai gudu ko zurfin da ya haura ƙafa 6 a koma giram 7. Ƙa'idar dai, mafi sauƙin dalmar da za ta iya taɓa ƙasa. Mai nauyi na faɗawa cikin kawa ta maƙale, kuma tana sauka da sauri fiye da yadda mai ɗigo ke so, shi kuwa a lokacin saukar yake ɗauka. A ɗaure ta da ƙullin da ke barin ɗan zobe, don ta yi rawa. A jefa, a ƙirga biyu, a ɗaga sanda sau biyu a hankali, a bar ta ta sauka zare na ɗan miƙe. Cizon ba fizga ba ne, ɗan "tik" ne kawai, wani lokaci ma zaren ne za ka ga ya motsa gefe. Launi: ruwa garau, launin ɗan kifi na gaske, ruwa ya gurɓace, rawaya mai ɗaukar ido. Ban ga amfanin ɗaukar launi goma ba.

Mai ɗigo yana da manyan fiƙoƙi biyu a sama, sai mutum ya zaci bakinsa ƙarfe ne, alhali fatar gefen bakin siririya ce ƙwarai. Ƙugiya na shiga take fara faɗaɗa ramin. Shi kuma da ya ji ta sai ya taso saman ruwa, baki a buɗe, yana girgiza kai. Duk inda zare ya saki ko na ƙiftawar ido, ƙugiya ta fita. Don haka birkin zare a sassauta shi har hannu ya iya jawo zaren ba wahala, kada a ɗaga sanda da ƙarfi wajen kafa ƙugiya, a share ta gefe kawai. In ya taso yana girgiza, a sauke kan sanda kusa da ruwa, a ci gaba da naɗi ba tsayawa. Kuma ba a ɗaga shi da zare zuwa cikin jirgi. Yawancin manyan da ake rasawa a gefen kayak ake rasa su, hannu ya kusa taɓawa. A sa koma mai ragar roba a ruwa tukuna, a jawo kifin kansa ya shiga, ba a bi shi da ita ta baya ba.

Tsakiyar janyewar ruwa, daga tara da rabi zuwa sha ɗaya, shi ne lokacin da suka ci sosai. Yawancinsu inci 13 zuwa 16, ɗaya ta kai 22. Da cizo ya ragu na gwada 'yar gorar nan mai duwatsu da ke ƙara in an fizge ta, da jatan landen roba ƙafa 2 a ƙarƙashi. Tana hana koto taɓa kawa, ƙararta kuma na kama da kifi na cin abinci a sama. Ƙanana ta fi kawowa.

Dokar Virginia kan mai ɗigo: kada ya gaza inci 14, biyar ga mutum ɗaya a rana, ɗaya tak daga ciki ke iya kai inci 24. Mai zane a cikin Chesapeake, tun 2024, ɗaya ne a rana, tsakanin inci 19 da 24, kuma lokacin kaka na buɗewa 4 ga Oktoba zuwa ƙarshen Disamba. Mai amfani da koton gaske don mai zane dole ya sa ƙugiya mai lanƙwasa ciki, wadda ke kama gefen baki ba ciki ba. Waɗannan lambobin suna sauyawa, a duba sanarwar hukumar albarkatun teku ta jihar kafin kowace kaka, a kuma auna a kan allo, ba da ido ba. Tsaurin yana da dalili. Mai zane ya taɓa kusan ƙarewa har jihar Maryland ta hana kama shi gaba ɗaya daga 1985 zuwa 1990, aka ce ya farfaɗo a 1995, yanzu kuma haihuwarsa a kogunan Chesapeake ta yi rauni shekaru a jere. Mai ɗigo kuma sanyi ne abokin gabarsa. Ruwa ya sauka ƙasa da digiri 7 ya daɗe a haka, sai a gan su suna yawo a sama a sandare. Bayan irin wannan hunturu, a 2014, Virginia ta rufe kamunsa na wasu watanni. Manyansu kusan duk mata ne, masu ɗaukar ƙwai da yawa, shi ya sa mai inci 22 ta koma ruwa duk da doka ta halatta ta. Hannu a jiƙe don kada a goge yauƙin jikinta, a tallafi cikinta, a riƙe ta a ruwa kanta na fuskantar gudu har ta fizge da kanta. Matse kunnen ƙugiya da filaya tun farko yana rage rabin wahalar.

Sha ɗaya da rabi iska ta cika alkawari. Bakin Lynnhaven arewa yake kallo, ruwan da ke fita ta ƙarƙashin gadar Lesner kuma arewa ya nufa, to idan iskar arewa ta tare shi sai igiyoyi su miƙe tsaye, gajeru, kusa da juna. Akwai mai zane a jikin ginshiƙan gadar, kowa ya sani, amma ba wurin kayak ba ne a irin wannan haɗuwa. Na bi ta bayan ciyawa na dawo, tun ƙananan hanyoyin ba su bushe ba. Wanda ya makara a ciki sai ya ja jirgi a taɓon da ke haɗiye ƙafa har gwiwa, ga kawa na yanka, ko ya zauna jiran ruwa awa uku.

Mai zane ɗaya da masu ɗigo uku suka shiga kula. Naman mai ɗigo yana laushi da wuri, a yanka maƙogwaro jini ya fita, a binne shi cikin ƙanƙara nan take, kuma a ci cikin kwana biyu, firiza na lalata shi. Wani lokaci ana samun fararen tsutsotsi sirara a naman wajen jela. Ba sa cutar da mutum, a zare su da bakin wuƙa.

Da la'asar aka wanke komai da ruwan famfo, injin naɗi da yayyafi kawai, don ruwa mai ƙarfi cusa gishiri yake ciki. Zaren gaba duk an sake shi, kawa ta kankare shi ko ido bai gani ba, yatsa na ji. Kifayen roba na kamfanin Z-Man a mayar da su ledarsu, in sun haɗu da sauran roba a akwati ɗaya narkewa suke su manne. Gobe cikar ruwa za ta makara da kusan minti hamsin, kuma in iskar arewa ta kwana tana busawa za ta riƙe ruwa a ciki, janyewar ba za ta kai ta yau ba.