Kwana shida a duwatsun Ingasana

Bayan sallar asuba muka bar garin Mai Wurno da ke ƙasar Sudan, ni da kawuna mai gyaran famfon tuƙa-tuƙa. Kafin la'asar mun isa Damazin, muka kwana a gidan 'yan uwa Hausawa da ke kamun kifi a Rusairis. Da daddare na tsaya ina kallon fitilun dam ɗin Rusairis da ke kan kogin Nilu, wanda aka gama a 1966, aka kuma ƙara masa tsayi a 2013. Wutarsa har Khartum take kaiwa.

Washegari muka hau bayan lori zuwa garin Bau da ke duwatsun Ingasana. Da kwalta ta ƙare sai baƙar laka, wadda rani ya tsattsage har ƙafar mutum na iya shigewa. Direba ya ce da damina ko tarakta sai ta yi da gaske.

Ƙauyen da aka kira mu yana gindin wani dutse. Mutanen wurin suna kiran kansu Gaam. Daga duwatsunsu ake haƙo ma'adinin kurom, amma famfo biyu kacal na gani, dukansu matattu tun yaƙin 2011 da ya tarwatsa su. Mata kan fita da jarkoki tun duku-duku, sai hantsi su dawo. Abin ya tsaya mini a rai, ga kogi da dam kusa haka.

Kawu ya kwance famfon farko, ya ciro sandunan da tsatsa ta cinye.

"Kawu, wannan zai tashi kuwa?"

"Riƙe mini sifana, ɗan nan, ka kira samarin can su matso su gani."

Haka ya yi ta yi: duk abin da ya kwance sai wani saurayi ya mayar da hannunsa.

Ranar ta huɗu aka kira nafir, wato gayya irin tamu, don yashe hafiri, wato tafkin da ke tara ruwan sama. Tsofaffi na haƙa, mata na kwashe ƙasa a kai, wasu na tuƙa asidar dawa a ƙarƙashin rumfa. Ba wanda aka biya ko fam ɗaya. Kafaɗata ta yi tsami, amma ban ajiye kwando ba.

Da za mu tafi, Kawu ya bar wa samarin sifana biyu da ragowar robobi. Lori na tashi na hango wata yarinya tana lilo a hannun famfon, ƙanwarta ta tara ƙwarya.