Yinin wasa a filin Wrigley

Duk mai sha'awar ƙwallon besbol (wasan da ake buga ƙwallo da sanda) da ya sauka a Chicago, ina ba shi shawara ya fara da filin Wrigley, gidan ƙungiyar Cubs, wanda aka buɗe a 1914, kuma a babbar gasar Amurka babu filin da ya girme shi sai Fenway na Boston. Jirgin ƙasa yana sauke mutum a tashar Addison, a tsakiyar unguwa, har ma wasu 'yan kallo kan zauna a saman benayen da ke tsallaken titi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne katangar bulo ta ƙarshen fili, wadda ganyen wani tsiro mai yaɗo ya lulluɓe tun 1937. Idan ƙwallo ta maƙale a cikinsa, sai mai tsaron wajen ya ɗaga hannuwansa, alƙalin wasa kuma ya ba wanda ya buga damar zuwa zango na biyu daga cikin zanguna huɗu da ɗan wasa ke zagayawa don samun maki. Tsohon allon maki ma har yau ma'aikata ne suke canza lambobinsa da hannu daga ciki.

Sai a 1988 aka sanya fitilun wasan dare, amma ni na fi son wasan rana, domin a lokacin ne iyaye suke zuwa da 'ya'yansu. Dattawan da na zauna kusa da su ba su gajiya da labarin 2016, shekarar da Cubs ta ɗauki kofi bayan jiran shekara 108.