Kasuwar Qingping da Tukunyar Baƙar Kaza

Sarin kaya ne ya kai ni Guangzhou ta ƙasar Sin, kamar yawancin mutanenmu da ke sauka a unguwar Xiaobei, amma abin da ya tsaya mini a rai kasuwar Qingping ce. Daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Huangsha da ƙafa ake isa, dab da tsibirin Shamian. Buhunan saiwoyi, ɓawon itatuwa, busasshiyar laimar kwaɗi, har da kunamu masu rai a cikin robobi. A wurinmu mai ciwo ne ke neman mai saiwa. A can yawancin masu saye matan gida ne da za su je su ɗora tukunya.

Mutanen Guangdong, lardin da Guangzhou take, da yanayi suke girki. Lokacin zafi da gumi sai romon donggua, wata irin kabewa mai farar tsoka, don fitar da abin da suke kira danshin jiki. Idan iska ta bushe su koma kan abin da ke tausasa maƙogwaro, da sanyi kuma naman rago da citta da saiwar danggui.

Kafin ciniki a san ma'auninsu: jin ɗaya giram 500 ne, liang ɗaya giram 50. A tambaya ko kuɗin na jin ne ko na liang, kuma kada a bari a yanka ko a niƙa saiwa sai an daidaita, domin da zarar ta shiga inji ta zama taka. Saiwar da ta yi fari fat tana warin tsami-tsami, hayaƙin farar wuta aka yi mata don kada ƙwari su ci ta; a bar ta. 'Ya'yan goji, wasu ƙananan jajayen 'ya'yan itace, na gari daga Ningxia suke, jansu ba ya ƙyalli, ba sa manne wa juna a tafin hannu. Busasshen jan 'ya'yan itacen da suke kira hongzao dangin magarya ne, sai dai ya fi ta girma da tsoka.

Tsadar da ta ba ni mamaki ta chenpi ce, ɓawon lemo na Xinhui da aka shanya aka ajiye. Sai ya shekara 3 kafin a kira shi da wannan suna, kuma iya tsufansa iya kuɗinsa. Na kai hannu zan shinshina wani tsoho, mai shagon ya make mini hannu ya rufe kwalba, ko kallona bai yi ba. A Kurmi da ya ba ni kujera tukuna. Wata dattijuwa a gaba kuwa ta ƙi auna mini danggui mai yawa, ta nuna da yatsu cewa ɗan kaɗan ya ishi tukunya.

Musulmi ya kula: romon gidajen abinci na Guangzhou, ko an ce na kaza ne, galibi da ƙashin alade ake haɗa shi, wani lokaci da giyar shinkafa. Mafita ita ce ka sayi kayanka ka dafa. Wani mai gidan abinci ɗan ƙabilar Hui, Musulmi, ya karɓi namu ya dafa da baƙar kaza yankan halal, ya tsayar da mu a madafa muna gani, kuɗin kazar kaɗai ya yarda ya karɓa.

Ga yadda ya yi. Kaza guda, saiwar huangqi giram 15, saiwar dangshen giram 15, hongzao 6 da aka cire wa ƙwallo, citta yanka 3, goji giram 10, ruwa lita 2. Ya sa kazar a ruwan sanyi ya ɗora, ta tafasa minti 3, ya zubar da ruwan ya ɗauraye ta. Wanda ya tsallake wannan zai sha romo mai ƙarni da kumfa. Sai ya zuba komai a tukunyar ƙasa ban da goji da gishiri, da ta tafaso ya rage wuta har ruwan na motsi da ƙyar, awa biyu zuwa uku. Wuta mai ƙarfi tana dagula romon ta ƙone ruwan, ƙara ruwan sanyi a tsakiya kuma yana kashe ɗanɗano; in ya zama dole, tafasasshe za a ƙara. Goji a minti 10 na ƙarshe, don in ya daɗe yakan narke ya tsamama romon. Gishiri sai an kusa saukewa. Ba mai, ba barkono, ba dunƙule, amma romon ya fito garau da ɗan zaƙi.

Abinci ne, ba ya maye gurbin asibiti. Mai juna biyu da mai shan maganin tsinka jini su nisanci danggui, mai hawan jini ya guji saiwar gancao, kuma mutanen can su kansu ba sa ba mai zazzaɓi romon huangqi.

Shagunan liangcha, wato shayin ganyaye da saiwoyi, suna ko'ina a titi, a tsaye ake shanye kofin saboda ɗaci. Wang Lao Ji, wani sanannen liangcha wanda asalinsa ya koma 1828, na gwangwaninsa sukari ya yi masa yawa a bakina.

Daga nan jirgin ƙasa mai gudu zuwa Kunming, babban birnin lardin Yunnan. A Yunnan tukunyar Jianshui ce ke aiki, mai bututu a tsakiya: ba a zuba ruwa ko ɗigo, tururin da ke hawowa ta bututun shi ke zama romo cikin awa uku zuwa huɗu, wasu su ƙara saiwar sanqi ta Wenshan. Tukunyar na da arha, sai dai nauyinta ya ci mini kilon jirgi.